Tsatsar Ganye: Yadda Ake Gane Ta da Rarrabe Ire-irenta

Duk wanda ya ratsa gonakin masara da dawa tsakanin Funtua da Malumfashi a ƙarshen damina, da wuya ya rasa ganin ganyen da ya yi ɗige-ɗige jajaye kamar tsohon kwanon rufi. Idan ka shafa ganyen, yatsanka ya kwaso gari mai ruwan ƙasa, to tsatsa ce. Idan kuwa bai kwaso kome ba, wata cutar ce dabam. Wannan shi ne matakin farko na bincike.

Tsatsar ganye ba danginta ɗaya da ta ƙarfe ba. Halitta ce mai rai daga dangin funfuna, wadda ba ta iya rayuwa sai a jikin tsiro mai rai. Garin nan kuwa ƙwayoyin irinta ne, waɗanda iska ke watsawa. Masana sun san ire-irenta fiye da 7,000, kuma kowace tana da tsiron da take kamawa.

'Yar cin rani

Abin mamaki game da tsatsa shi ne da yawa daga cikinsu masauki biyu gare su, kamar ɗan cin rani. Masanin tsirrai Bajamushe Anton de Bary ne ya tabbatar da haka a 1865, inda ya nuna cewa tsatsar karan alkama tana yin wani zango na rayuwarta a kan wani itace mai ƙaya da ake kira Berberis.

A Turai akwai tsatsa mai suna Puccinia caricina. Tana kama ciyayin fadama na jinsin Carex, 'yan uwan aya da jiji, waɗanda ake gane su da kara mai kusurwa uku. Da bazara sai ta koma kan Ribes, wasu gajerun itatuwa masu ƙananan 'ya'ya masu tsami da ake nomawa a can. Wanda ya ga ƙananan kofuna masu ruwan ɗorawa a ganyen Ribes, ya kuma ga baƙaƙen ɗige-ɗige a ganyen Carex, ba zai ce halitta ɗaya ce ba. Sai da masana irin su Heinrich Klebahn na Hambug suka riƙa ɗaukar iri daga wannan tsiro suna shafa wa wancan, sannan gaskiya ta bayyana.

Mu ma muna da irin wannan a gida. Tsatsar gero, watau Puccinia substriata, masaukinta na biyu tsirrai ne na dangin gauta da yalo.

Tambayoyi uku

Mai son sanin sunan tsatsa sai ya amsa tambayoyi uku.

Ta farko, a kan wane tsiro take? Puccinia purpurea ta dawa ce, Puccinia arachidis ta gyaɗa. Ta gyaɗa ba ta kama dawa, ko da kunya ɗaya suke.

Ta biyu, yaya ƙurajenta suke, kuma a wane gefen ganye? Masara tana da tsatsa iri biyu. Ƙurajen Puccinia polysora ƙanana ne, zagayayyu, masu ruwan lemo, galibi a saman ganye, kuma tana son zafi da laima. Na Puccinia sorghi dogaye ne, masu duhun ja, a sama da ƙasan ganye, ita kuwa ta fi son sanyi. A gyaɗa, ƙurajen suna ƙasan ganye, kuma ganyen yakan bushe yana maƙale da reshe, saɓanin cutar tabon ganye mai kakkaɓe shi.

Ta uku, yaya ƙwayar irin take a madubin ƙara girma? Jan gari na tsakiyar damina ƙwayoyinsa ɗaki ɗaya ne, masu 'yan ƙayoyi. Baƙar ƙwaya mai kaurin bango da ke fitowa daga baya ita ce ke nuna jinsi: idan ɗaki biyu gare ta, Puccinia ce, idan ɗaki ɗaya ne, kamar a tsatsar wake, Uromyces ce. A yau masana suna ƙarawa da binciken ƙwayoyin gado na DNA, wanda ya nuna cewa sunan caricina ya daɗe yana ɓoye ire-ire da dama masu kama da juna.

Amfanin sanin suna

Wani zai ce, ina ruwan manomi da sunan Latin? A 1949 aka fara ganin Puccinia polysora a Saliyo. Cikin 'yan shekaru ta mamaye Afirka ta Yamma har da Nijeriya, ta isa Kenya a 1952, ta yi wa masara mummunar ɓarna. Da aka tantance ta, aka gane baƙuwa ce daga nahiyar Amurka, sai aka nemo irin masara mai jure mata daga can. Fitar da iri mai juriya yana cikin ayyukan Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, Zariya.

Ga kuma misalin aya. A Amurka ciyawa ce mai addabar gonaki, har masana na jihar Jojiya suka ba da rahoto a 1983 cewa tsatsar Puccinia canaliculata tana iya karya lagonta. Amma a Katsina da Maraɗi aya amfanin gona ce, don haka abin da yake magani a can, annoba ne ga mai noman aya. Haka kuma manomin Bakori ko Ƙafur da ya ga tsatsa a kan jiji a gefen gonarsa, bai kamata ya kashe kuɗin feshi don tsoron masararsa ba, domin tsatsar dangin aya ba ta kama masara.

Aikin gwaji

Malami ya raba ɗalibai rukuni-rukuni, su tattaro ganye masu tsatsa daga masara, dawa, gero, gyaɗa, wake da ciyayin fadama. A danne kowanne tsakanin tsofaffin jaridu har ya bushe, a rubuta sunan tsiron, da wurin, da ranar da aka tsinko shi. A kankaro garin da bakin reza cikin ɗigon ruwa a kan gilashi, a duba a madubi, a zana abin da aka gani. Sannan kowane rukuni ya amsa: a ganye nawa aka sami baƙar ƙwaya, kuma ɗaki nawa gare ta?