Tsofaffin Kawunan Jirgin Ƙasa

Yaron da aka haifa a Wurma, ko Kurfi, ko Dutsin-Ma, yana iya girma har ya gama makaranta bai taɓa jin kukan jirgin ƙasa ba, gama hanyar dogo ba ta ratsa ta garuruwanmu ba. Amma kada ku ce jirgi bai shafe mu ba. Gyaɗa da audugar da kakanninku suka noma, jakuna da raƙuma da motoci suka yi ta kai su Funtuwa ko Kano, daga can kuwa jirgi ne ya ja su har bakin teku. Gishiri da kananzir da tufafi kuma ta wannan hanya suka riƙa zuwa kasuwanninmu.

Ku lura, jirgin ƙasa kashi biyu ne. Akwai taragai, watau ɗakunan da a ke zuba kaya ko mutane su zauna, su kuwa ba su iya motsawa da kansu. Sa'an nan akwai kan jirgi, shi ne mai ƙarfin, shi ke jan sauran kamar yadda jagaba ke jan ayari. Labarin kawunan nan za mu yi yau.

Jirgin da ya fara tafiya a ƙasar Arewa ƙarami ne ƙwarai. A shekara ta 1901, sa'ad da Gwamna Lugga ya yi niyyar mai da Zungeru mazaunin mulkinsa, sai aka shimfiɗa 'yar hanyar dogo daga Wushishi, a bakin kogin Kaduna, zuwa Zungeru, domin a kwashe kayan da jiragen ruwa ke saukewa. Faɗin da ke tsakanin ƙarafan hanyar ƙafa biyu ne da inci shida kaɗai. Daga Ingila aka kawo kan jirgin. Da ya gama aikinsa ba a yar da shi ba, aka kafa shi a tashar Minna domin masu wucewa su gani.

Babbar hanya kuwa daga Baro aka taso da ita, a bakin Kwara, ta iso Kano cikin 1911. Ita ce ta sa noman gyaɗa ya bunƙasa, har aka riƙa tara buhuna kamar duwatsu, ana kiransu dalar gyaɗa. Wani reshe ya tashi daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Gusau, ya kai Ƙaura Namoda cikin 1929. Akwai kuma wata siririyar hanya daga Zariya zuwa Bukuru, wadda aka gama cikin 1914 saboda ɗaukar kuza. An rufe ta cikin 1957, aka kai abin da ya saura na jirginta gidan ajiye kayan tarihi na Jos.

Dukan waɗannan da tururi su ke tafiya. Kun taɓa ganin tukunya bisa murhu, ruwa na tafasa, murfi na rawa? To, tururi ne ke ɗaga murfin. Kan jirgi babbar tukunya ce ta ƙarfe a kwance bisa ƙafafu. Mutum guda na tsaye yana ta zuba kwal cikin wuta, ruwa ya tafasa, tururin ya tunkuɗa sandunan ƙarfe gaba da baya, su kuma su juya ƙafafun. Aiki ne mai wuya. Kwal ɗin daga Inugu a ke kawo shi, ruwa kuwa dole a tsaya a sha a tashoshi, abin da ba shi da sauƙi a ƙasarmu da rani. Ga hayaƙi, ga toka, ga tartsatsin wuta. Saboda haka tun daga 1955 aka fara kawo masu aiki da man gas, sannu a hankali suka ture masu tururi.

A ƙasar Jamus wata dabara aka bi, tun kafin Turawa su ci Kano. Wani gwanin aikin lantarki, sunansa Werner von Siemens, ya ce me zai sa jirgi ya yi ta dakon wutarsa da ruwansa? A hura wutar a wuri ɗaya, a mai da ƙarfinta lantarki, a aika wa jirgi da shi ta cikin ƙarfe ko waya. Cikin 1879 ya nuna abin da ya ƙera a wani bikin nuna kayan sana'a a birnin Berlin. Ɗan mitsitsi ne, direba bisa bayansa ya ke zama kamar mahayin jaki. Ƙarfinsa na doki uku ne, yana jan 'yan taragai uku, kowanne da mutum shida, yana kewaya wata hanya mai tsawon wajen yadi 330. Saurinsa bai fi na mai sassarfa ba. Duk da haka mutum fiye da 80,000 suka hau shi cikin wata huɗu.

Waɗansu sun ɗauka abin wasa ne. Masu haƙar kwal ba su ɗauka haka ba. Ku tuna, cikin rami a ƙarƙashin ƙasa ba a iya hura wutar jirgi, don hayaƙi zai shaƙe ma'aikata. Shi ya sa mutane da dawaki ke jan kaya a can. Cikin 1882 aka sa wani kan jirgi mai lantarki a ramin kwal na Zauckerode, kusa da birnin Dresden. Ya yi ta jan kwal har 1927, shekara 45 ke nan. Cikin 1905 aka ƙera wani domin hanyar da ke tsakanin Murnau da Oberammergau, a gindin duwatsu, aka yi masa laƙabi Katharina, ya yi aiki har 1954. Daga 1940 kuma aka fara ƙera waɗansu manya na jan kaya masu nauyi a hawan dutse. Suna da dogon baki gaba da baya, don haka Jamusawa suka sa musu suna Kada.

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne yadda suka riƙe su. Na 1879 an ajiye shi a babban gidan tarihin ƙere-ƙere na birnin Munich. Katharina an kai shi wata tsohuwar rumfar jirage a garin Freilassing. Kadoji da dama su ma sun sami wurin hutawa. Ana goge su, ana shafa musu mai, an rubuta labarin kowanne a allo, malamai na kai ɗalibansu su duba ciki da waje. Yaron da ya ga ƙaramin ya ga babban a rana ɗaya, ya gane da idonsa yadda gwaninta ke girma daga ɗan ƙaramin abu.

Mu ma muna da masu wannan himma. A Ebute Metta ta Ikko an mai da wani tsohon gida na ma'aikatar jirgin ƙasa wurin ajiye hotuna da kayan aikin dā. Amma kawunan tururi masu yawa an bar su a fili, rana ta doke su, ruwa ya doke su, tsatsa ta ci, waɗansu kuma an yayyanka an sayar wa masu sayen tsohon ƙarfe. A ganina wannan asara ce babba, gama kuɗin ƙarfen 'yan kwanaki za su yi su ƙare, kan jirgin kuwa ba mai sake ƙera irinsa.

Jirgi mai lantarki ya daɗe bai zo Nijeriya ba, sai cikin 2023 aka buɗe guda a Ikko, yana shan wutarsa daga ƙarfe na uku da ke shimfiɗe a hanyar, dabarar da Siemens ya gwada tun 1879. Cikin 2021 kuma aka aza harsashin sabuwar hanya daga Kano zuwa Maraɗi, wadda aka shata ta bi ta Daura da Katsina da Jibiya.

In Allah ya kai ɗayanku Minna ko Jos, ya nemi tsohon jirgin. Ya auna faɗin da ke tsakanin ƙafafunsa da taƙi, ya nemo ƙofar da a ke zuba kwal, ya ƙirga ƙafafun, ya zana shi cikin littafinsa, ya kawo wa 'yan ajinsu su gani.