Yadda Kwamfuta Ke Lissafin Iyakar Da Ke Tsakanin Ruwa Da Mai

Idan aka zuba man gyaɗa a kofin ruwa, nan take za a ga layin da ya raba su. Koya wa kwamfuta inda layin yake da yadda yake motsi babban aiki ne, kuma da irin wannan lissafi ake tsara firintar da ke fesa tawada ɗigo-ɗigo.

Me ya sa iyakar ke da makamashi?

Ƙwayar ruwan da ke tsakiya 'yan'uwanta sun kewaye ta suna jan ta ta ko'ina. Wadda ke bakin iyaka kuwa ta rasa wasu maƙwabtan, don haka makamashinta ya fi yawa. Tsakanin ruwa da iska, ƙarin ya kai kusan milijul 72 a kowace murabba'in mita. Ruwa kullum neman rage shi yake, shi ya sa ɗigo ke dunƙulewa.

Hanyoyi biyu

A shekarun 1870, Ba'amurke Josiah Willard Gibbs ya ɗauki iyakar a matsayin shimfiɗa marar kauri. A 1893 kuma van der Waals na ƙasar Holan ya ce tana da kauri, ruwa ne ke sauyawa sannu a hankali. Cahn da Hilliard sun farfaɗo da wannan tunani a 1958, kuma shi ya fi sauƙin rubutawa a manhaja.

Yadda ake yi

Ana raba fili zuwa ƙananan gidaje kamar na dara. Kowane gida yana riƙe da lamba ɗaya: +1 ruwa zalla, −1 mai zalla, abin da ke tsakani shi ne iyaka. Sai a sa tara iri biyu: ɗaya a kan cakuɗuwa, ɗaya a kan sauyin lamba kwatsam tsakanin maƙwabta. Jayayyar biyun ce ke samar da kaurin iyakar da ƙarfin ɗaurinta. Ɗigo biyu na iya haɗewa ba tare da an rubuta musu wata doka ba.

Inda ake tuntuɓe

Ainihin kaurin iyakar kusan nanomita ɗaya ne, kwamfuta ba za ta iya bin sa a faɗin kofi ba, dole a faɗaɗa shi. Idan bai kai gida huɗu zuwa biyar ba, sakamakon zai gurɓace. Idan ya yi yawa, ƙananan ɗigo za su riƙa narkewa su ɓace. Saboda haka, kafin a yarda da sakamako, a ƙara ƙanƙanta gidajen a sake gwaji. In amsar ta canza, da sauran aiki.