Ɗaure Notin Tayar Tsohuwar Mota

Abin da ke damuna a wurin masu faci shi ne yadda ake zura dogon bututu a sifana, yaro ya hau da ƙafa yana tsalle har noti ya yi ƙara. Wannan ɓarna ce. Kusar da ta shekara 20 tana aiki ta riga ta gaji. In aka matsa mata sai ta miƙe, zarenta ya cinye, wata rana ta karye kana tsakiyar tafiya.

Kowace mota da awon ƙarfin ɗaurin notinta. Toyota Corolla na son Nm 103, Golf 3 mai kusa huɗu kuwa Nm 110. Duba littafin motarka, ka nemi bakaniken da ke da sifanar awo, wadda ke yin ƙas in an kai adadin.

A goge tsatsa da burushin waya, amma kada a shafa giris, domin santsi na sa a wuce awo ba a sani ba. A fara ɗaurawa da hannu, noti ɗaya sai wanda ke fuskantarsa, sannan a sauke jak a ƙarasa.

Bayan kilomita 50, don Allah ka tsaya ka sake dubawa.