Amsar Tambaya: Noma ko Bayoloji ga mai son likitanci?

Tambaya: 'Yata za ta shiga SS1, burinta karatun likita a Jami'ar Bayero ko ta Ahmadu Bello. Wani malaminta ya ce ta ɗauki darasin noma maimakon Bayoloji, wai ya fi sauƙin ci. Mece ce shawararki? (Wata uwa, Kano)

Amsa: Hajiya, kada ki yarda. Mai neman likitanci yana zana darussa huɗu a jarrabawar JAMB: Turanci, Fizis, Kemistiri da Bayoloji, kowanne maki 100, jimilla 400. Noma ba ya maye gurbin Bayoloji a wannan fanni, ko da ta cinye shi duka. Haka ma a WAEC ko NECO, ana buƙatar kiredit a waɗannan huɗun, a haɗa da Lissafi, kuma jami'o'i da dama sun fi son a same su a zama ɗaya.

Matsalar ita ce zaɓin SS1 yana bin yaro har SS3. Wadda ta bar Bayoloji shekara uku ba za ta kama shi a wata biyu na darasin yamma ba, duk abin da masu lesin za su faɗa miki.

Ni Fizis na fi ji mata tsoro, don nan yara da yawa ke zubar da maki. A nema mata mai koyarwa tun zangon farko.

Ki je makarantar da kanki kafin a rufe rajista, ki ga sunanta a ajin kimiyya, sannan ku duba ƙa'idojin kowace jami'a a kundin JAMB.