Kada Garin Neman Gira a Rasa Ido: Nasiha kan Tsohon Kwanson Harsashi

'Ya'yana samarin Kankiya da Kusada, masu fita farauta idan an gama girbi da masu kwana sintiri a bakin gari, Allah Ya yi muku albarka, Ya tsare ku. Ku ba ni aron kunnuwanku kaɗan, don akwai wata ɗabi'a da ke shigowa cikinku wadda ba ta kwanta mini a rai ba.

Harsashi ya yi tsada, samunsa kuma sai an sha wuya. Ga waya a hannun kowa, tana nuna muku wani Bature a Amurka zaune a ɗakinsa, ya ɗauki kwanson da aka riga aka harba, ya matse shi ya koma girman wata bindiga daban, ya sake ɗura shi. Sai yaro ya ce a ransa, ai ni ma zan iya, ga maƙera nan kusa. To ɗana, dakata tukuna. Abin da hoton bai nuna maka ba ya fi abin da ya nuna yawa.

Ku fara sanin aikin kwanso. Mutane da yawa sun ɗauka mazubi ne kawai na albarushi. A gaskiya shi ne ƙofar da ke rufe wuta daga baya. Idan aka ja kunama, kwanson kan kumbura ya manne da cikin bindiga, ya toshe hanya, wutar ta rasa mafita sai gaba. Tayar mota takan ɗauki iska kamar awo 30 zuwa 35, amma a wannan ma'aunin, matsin da ke cikin bindiga irin ta soja yakan haura dubu 50. Duk wannan ƙarfi, siririn bangon tagulla ne ke tsakaninsa da idonka.

Ita kuwa tagullar kwanso haɗi ce, kashi 70 jan ƙarfe, kashi 30 tutiya. Ku tambayi kowane tsohon maƙeri halinta, zai gaya muku cewa duk lokacin da aka lanƙwasa ta ko aka matse ta sai ta ƙara tauri, har ta kai ga tsagewa. Kwanson da aka harba sau ɗaya ya riga ya miƙe. Idan aka tilasta masa sabuwar siffa, wani wuri ya yi kauri, wani wuri ya sirance, ido kuma ba ya ganin ko ɗaya. Inda wuyansa ya yi kauri sai ya shaƙe harsashin, matsi ya hau. Inda gindinsa ya sirance sai ya rabe biyu, wuta ta dawo wa mai harbi. In kuma aka gasa shi fiye da kima don ya yi laushi, gindin ya rasa ƙarfinsa ke nan har abada. Kwanson soja ma yakan fi na farauta kaurin bango, cikinsa ya fi ƙunci, saboda haka awon albarushin da ya zauna lafiya a na farauta yana iya zama masifa a na soja.

Akwai kuma haɗarin da ya fi waɗannan ɓoyuwa. Rubutun da ke gindin kwanso shi ne sunansa, shi ke faɗin bindigar da aka yi shi dominta. Da zarar an sauya masa girma, rubutun ya zama ƙarya. Kai da ka yi aikin wataƙila ka tuna, amma ƙanenka da zai lalubi jakarka cikin duhu, rubutun zai gaskata.

Ban ce Turawa ba sa wannan sana'a ba. Suna yi, har wasu sanannun harsasai ta nan aka samo su: .243 Winchester da ya fito a 1955 daga kwanson .308 aka cire shi. Sai dai ku dubi abin da ke bayansu. A Ingila, tun 1813 aka kafa gidan gwajin bindigogi a Birmingham, inda ake ɗura wa sabuwar bindiga fiye da abin da za ta ɗauka a aiki, in ta jure a buga mata hatimi. A Amurka tun 1926 suke da ƙungiyar SAAMI mai ƙayyade girman kowane harsashi da iyakar matsinsa. Mai ɗuri a can yana da sikelin da ke auna abin da bai kai ƙwayar gero nauyi ba, yana da littattafan da aka gwada kowane awo a ɗakin bincike, kuma duk da haka ana samun masu rasa yatsu. Mu a Rimaye ko Mawashi me muke da shi? Murfin kwalba da kintace. Bindigar kanta sau da yawa daga bututun ruwa aka ƙera ta, wanda ba a taɓa gwada shi da wuta ba.

A nan ne nake so ku fi buɗe kunne. Albarushin iyayenmu na bindigar toka, wanda 'yan bindigar Sarki ke tashin gari da shi ranar hawan Sallah a Katsina, daban yake da garin da ke cikin harsashin zamani. Wannan na biyun, marar hayaƙi, wani Bafaranshe mai suna Paul Vieille ne ya fito da shi a 1884, kuma ƙarfinsa ya ninka na tsohon. Wanda ya fasa harsashin da ya tsinta ya juye garinsa cikin bindigar toka, ya haɗa abin da zai tarwatse ne a tafin hannunsa. Haka wanda ya gauraya gari iri biyu, ko ya ƙara awo don ƙarar ta firgita mutane. Ƙara ba ta kashe kura.

Kada kuma ku manta da mutanen gida. Narka dalma don yin harsashi a tsakar gida, inda yara ke rarrafe mata ke girki, guba ce mai shiga jini a hankali. Ba mu manta da abin da ya faru a Zamfara a 2010 ba, lokacin da ƙurar dalma daga duwatsun zinariya da ake niƙawa cikin gidaje ta kashe yara fiye da 400, ta bar wasu da naƙasar ƙwaƙwalwa. Hanyar ta bambanta, amma gubar ɗaya ce.

Ga hukuma kuma. Dokar bindigogi ta Nijeriya, wadda ta samo asali tun 1959, ta hana ƙera bindiga ko harsashi ba tare da izini ba, ko bindigar toka ma lasisi take buƙata daga 'yan sanda. Ƙera makaman ƙasa aikin masana'antar DICON ta Kaduna ne, wadda aka kafa a 1964. A wannan zamani na rashin tsaro, saurayin da aka samu da tarin kwanson soja a ɗakinsa zai sha tambayoyin da ba shi da amsarsu, ko da zuciyarsa fara ce. Na san abin da ya sa wasunku suka ɗauki makami, don ni ma a ƙasar nan nake kwana. Mai son kare garinsu ya bi ta ƙofa: ga mai unguwa da dagaci, ga hakimi, ga rundunar tsaron al'umma da Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya ƙaddamar a 2023, inda ake tantance mutum a horar da shi kafin a damƙa masa komai.

Wanda kuma yake da bindigar farauta ta halal, ya riƙe waɗannan. Kada ya sa mata harsashin da ba nata ba, ko da ya shiga daidai. Ya duba bakinta kafin ya fita, don ɗan laka ko gidan zanzaro ya isa ya fasa bututu. In ya ja kunama ta ƙi tashi, ya bar bakinta yana kallon daji ya jira, kada ya leƙa, don takan tashi a makare. In harbin ya fito da rauni ba kamar yadda ya saba ba, kada ya sake ja sai ya tabbata ba abin da ya maƙale a ciki. Ya ajiye albarushi nesa da murhu da hannun yara. Kada ya nuna ɗan'uwansa da ita ko da wasa, addininmu ma ya hana wannan. Harsashin da aka tsinta a daji kuwa, a miƙa shi ga hukuma.

Na ji wasunku na cewa tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Gaskiya ne, amma Wanda Ya ƙaddara Shi ne Ya ba mu hankali, kuma zai tambaye mu yadda muka yi da jikin da Ya ba mu amana. Hannun nan shi zai riƙe fartanya da damina, shi zai ciyar da tsofaffinku. Kuɗin harsashi ɗaya ba zai saya muku yatsa ba a asibitin Kankiya ko na Katsina. Abin da ba ku iya aunawa, ku bar shi, in kuma abu ya shige muku duhu ku je wurin Sarkin Baka ku yi tambaya, tambaya ba ta rage wa namiji komai.

Allah Ya raya ku, Ya ba ƙasarmu zaman lafiyar da za a rataye makamai a koma gona. In kunne ya ji, jiki ya tsira.