Yadda Ɗalibin Injiniya a Aliero Ke Tono Bayanai a Laburare

Duk wanda ya taso daga Jega ya nufi Aliero a lokacin cirar albasa, hancinsa ne zai fara gaya masa ya iso. Manoma kan jibge abin da suka girbe a rudu suna jiran farashi ya tashi, amma kafin ranar ta zo wata ta ruɓe, wata ta tsiro. A garin kuma akwai jami'ar kimiyya da fasaha ta jihar Kebbi, wadda aka kafa a 2006, inda kowace shekara ɗaliban injiniya 'yan aji biyar ke neman abin da za su yi furojet a kai. Mai lura ba sai ya je nesa ba. Sai dai kafin ya taɓa ƙarfe ko siminti, dole ya san abin da wasu suka riga suka gano.

Aikin farko shi ne tsuke tambaya. "Ajiyar albasa" ta yi faɗi. "Wane irin gini ne zai bar iska ta ratsa albasa a zafin Afrilu ba tare da wutar lantarki ba?" Wannan tambaya ce da za a iya aunawa. Da ita zai je wajen malamin da ke duba aikinsa, da ita kuma zai shiga laburare.

A can, ya fara da littafi kafin intanet. Mafi yawan jami'o'in Najeriya suna jera littattafai bisa tsarin laburaren majalisar dokokin Amurka, inda harafin T ke nufin fasaha: TA injiniyancin gine-gine da kayan aiki, TH gina gidaje, TJ injuna, TK lantarki. Noma yana ƙarƙashin S. Mai binciken albasa zai yi zirga-zirga tsakanin S da TH da TJ, domin matsalarsa ta haɗa amfanin gona da gini da tafiyar zafi. A littafi zai samu tushe, misali cewa albasa ba ta saurin tsiro a sanyi ƙwarai ko a zafin da ya haura digiri 25, a tsakanin nan ne take fitar da kai, kuma danshin iska na kashi 65 zuwa 70 ya fi dacewa da ita. Daga nan ya leƙa kantar furojet na waɗanda suka gabace shi, kada ya maimaita aikin da aka gama shekarun baya.

Sannan a zo ga mujallun bincike, kuma nan ne ɗalibai da yawa ke karaya. Sun buɗe Google Scholar, sun ga takardar da suke so, sai aka ce a biya daloli. Bai kamata ɗalibi ya juya ba sai ya tsaya gaban ma'aikacin laburare ya ce, "Malam, ko muna da rajistar Research4Life?" Shiri ne da ke buɗe wa cibiyoyin ƙasashe masu tasowa mujallu kyauta ko da rahusa. A ciki akwai AGORA na harkar noma, wanda aka fara a 2003, da ARDI na fasaha da ƙere-ƙere, na 2009. Cibiya ce ke yin rajista, ba mutum ɗaya ba, shi ya sa mabuɗin yake hannun laburare. Akwai kuma rumbunan da kowa ke iya leƙawa, irin su DOAJ da AJOL mai tattara mujallun Afirka, ciki har da mujallar fasaha ta Jami'ar Najeriya da ke Nsukka.

Bincike da Turanci ake yi, kuma kalma uku ko huɗu sun fi doguwar jimla amfani. Ya haɗa su da AND don taƙaitawa, da OR don faɗaɗawa, ya gwada sunan kimiyya na albasa, Allium cepa. Idan ya dace da takarda ɗaya mai kyau, to ya kama bakin zare: jerin manazartarta zai kai shi ga ayyukan baya, maballin da ke nuna waɗanda suka ambace ta kuma zai kai shi ga sababbi. Ta haka zai ci karo da binciken Indiya a kan rumbunan albasa masu shan iska, da na maƙwabta a Nijar a kan albasa 'yar Galmi, wanda yawancinsa da Faransanci yake. Cibiyar NSPRI mai hedikwata a Ilori, wadda aikinta ke nan binciken ajiyar amfanin gona, ita ma a nemi abin da ta wallafa.

Injiniya yana buƙatar abin da mujalla ba ta bayarwa. Ƙa'idojin ingancin kaya suna wajen hukumar SON. Zanen ƙere-ƙeren da aka yi wa rajistar mallaka ana ganinsa kyauta a Espacenet. Alƙaluman zafi da danshi da hasken rana na Aliero ko Maiyama ana neman su a NiMet, ko a shafin NASA POWER, inda ake sa lambobin taswirar gari a sauko da bayanan shekaru.

Ba kowace takarda ce abin dogaro ba. Akwai mujallun da kuɗi kawai suke karɓa su buga, ba tare da masana sun tantance ba. Ɗalibi ya duba wa ya rubuta, da wane ma'auni ya auna, a wane yanayi. Sakamakon da aka samu a ƙasa mai sanyi ba lalle ne ya yi aiki a Kebbi ba.

Duk abin da ya karanta ya rubuta shi nan take: marubuci, shekara, shafi, da abin da aka gano cikin kalmominsa. Manhajar Zotero kyauta ce, tana adana wannan, ta kuma tsara manazarta bisa salon IEEE ko APA, duk wanda sashe ya zaɓa. Ya sauko da takardun lokacin da intanet ke da ƙarfi, ya ajiye kwafi biyu. Bayan haka ya ɗauki ma'aunin zafi ya tafi wajen masu rudu, ya tambaye su watan da ruɓa ke farawa da ɓangaren da take fara ci, ya gwada amsarsu da abin da ya karanta kafin ya zana komai.