Darasin Turanci na Mako: Sharaɗi da Jawabinsa

Yau darasinmu a kan wata 'yar kalma ce mai harafi biyu, wato if, wadda ciniki da bashi suke rataye a wuyanta. Mai shago a Kasuwar Kure da mai lodin doya daga Paiko zuwa Legas duk suna samun saƙon waya da Turanci, kuma galibi alkawarin yana cikin kalmar nan.

Wanda ya yi nahawu a zaure ya san sharaɗi da jawabinsa. To, Turanci ma haka ne. Ginin da za mu koya sunansa first conditional, ana amfani da shi kan abin da bai faru ba tukuna amma yana iya faruwa. Ɓangaren if yana ɗaukar aikatau yadda yake, ɓangaren jawabi kuma ya ɗauki will:

If you pay today, I will send the goods tomorrow.
In ka biya yau, zan aiko da kayan gobe.

If it rains, we won't load the yams.
In aka yi ruwa, ba za mu loda doyar ba.

Ana iya fara jimlar da jawabi, sai a cire waƙafi: I will send the goods if you pay.

Ga inda mu Hausawa muke tuntuɓe. Muna cewa "in ka biya", sai mutum ya juya shi kai tsaye ya ce if you paid. Wannan ya koma maganar "da a ce", abin da ba a sa ran zai faru. Wani kuma ya ce if you will pay, alhali will wurin zamansa jawabi ne. Sannan in mutum ɗaya ake magana a kansa, kada a manta da s: if he pays, if the driver comes.

Babbar matsalar ita ce "idan" namu yana ɗaukar ma'ana biyu, Turanci kuwa ya raba su. When the lorry comes, I will pay you: motar za ta zo, lokaci kawai ake jira. If the lorry comes, I will pay you: in ba ta zo ba, bai ɗauki alkawarin komai ba. Alhaji, kafin ka saki ƙwarya biyar ta doya bashi, duba wacce aka rubuto maka. Kai ma kada ka rubuta when a inda ba ka da tabbas, domin alkawari kaya ne, kuma za a tambaye mu a kansa.

Iyaye, a zaunar da yara su gwada. Hedikwatar NECO a nan Minna take, amma kusanci ba ya ba da maki, kuma sai da kiredit a Turanci ake shiga jami'a.

Aikin gida, a juya zuwa Turanci:
1. In farashi ya sauka, zan sayi buhu goma.
2. In ba ta zo ba, ba za mu tafi ba.
3. In ka rage mini, zan dawo gobe.

Amsa tana nan tafe Juma'a mai zuwa, in Allah ya kai mu. Kun ga, wannan ma sharaɗi ne. Allah ya sa albarka a nema.